Gashina ya ƙi kwanciya, ga bikin dangin miji ya matso

Assalamu alaikum Adda. Ni matar aure ce a Garwa, shekarata 24, wata takwas ke nan da aurena. Gashina irin na mahaifiyata ne, ita 'yar Kusiri ce, garin nan na iyakar Kamaru da Chadi. Yana da tsawo da cika, a nannaɗe yake, amma da na tsefe shi sai ya tashi buzu-buzu ya cukurkuɗe. Tun ina shekara 13 ake sa mini man miƙar da gashi, har bara ya ƙona mini fatar kai ta yi ɓawo, na daina. Yanzu gindin ya fito a murɗe, bakin kuma a miƙe, kullum na taje sai mataji ya cika. Da sabulun wanki nake wanke shi, in labta masa man shanu da basilin, amma kafin la'asar ya bushe ƙamas. Kuma kin san kan amarya ba ya rabo da ruwa. Uwar mijina ta ce wannan kai ba na matar aure ba ne, ta kai ni wurin mai kitsonta, ita kuma tana ja har in kasa barci, yanzu gaban goshina ya fara ja da baya. Maigida bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma ya sha nuna mini hotona na kafin aure yana cewa, "Ina wannan gashin?" Saura mako uku bikin ƙanwarsa. In koma wa man miƙarwar ne in huta, ko in sayi shebe, garin gyaran gashin nan na Chadi da nake gani a TikTok? Wallahi har kuka nake yi.

Ƙanwarki daga Garwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka a auren, ya ba da zaman lafiya. Kukanki ba na shagwaɓa ba ne. Amarya 'yar wata takwas da ake duban kanta ana taɓe baki, a cikin dangin da har yanzu take koyon halinsu, dole abin ya tsaya mata a rai. Bari in ba ki amsa tun da wuri kafin in ja ki da nisa. Kada ki sa man miƙarwa kafin bikin nan, kuma kada ki kashe kuɗinki kan shebe da niyyar ya kwantar miki da gashi cikin mako uku, ba aikinsa ba ne. Gashinki ƙishirwa yake ji, kuma hannu ya yi masa yawa. Duka biyun suna da magani, yawancinsa ma yana kasuwar unguwarku.

Sai dai a duk abin da kika rubuta, goshin ne ya fi tayar mini da hankali. Gashin da ya yi buzu-buzu yau ana iya lallaɓa shi gobe, amma saiwar da aka yi ta ja har ta mutu ba ta dawowa. Kitson da ke hana barci, ko ya sa ciwon kai, ko ki ga ƙananan ƙuraje sun jeru a kan tsaga, ko fatar goshi ta ɗame har girarki ta ɗaga, to tumɓuke gashi yake yi a hankali. A farkon lamari, in aka sakar wa wurin mara, gashin kan sake tsirowa cikin 'yan watanni. In kuwa aka yi ta ja shekara da shekaru, ramukan gashin kan toshe da tabo, wurin ya zama sumul, daga nan babu man da zai tsirar da shi. Saboda haka in kitson yana kanki yanzu kuma yana yi miki zafi, ki tsefe shi yau, kada ki ji asarar kuɗin kitso. Ki ɗauki hoton goshin da wayarki a wuri mai haske ki ajiye, bayan wata uku ki sake ɗauka ki gwada. In babu ƙananan gashi da suka leƙo, ko wurin yana sheƙi, ko yana ƙaiƙayi da ɓawo, ki je asibiti ki nemi likitan fata, ki kuma ba shi labarin ƙunar bara. Kada ki yarda a goga miki tafarnuwa ko wani haɗi mai yaji a wurin. Fatar da ta riga ta sha wuya ba ta buƙatar ƙarin ƙuna.

Yanzu gashin kansa. Kowane sili yana da rufi a bayansa, wasu ƙananan ɓawo ne masu hawa kan juna irin na jikin kifi. In sun kwanta, gashi ya yi santsi da sheƙi, ya riƙe ruwan da ke cikinsa. In sun tashi, ruwan ya tsere, silin ya yi kaushi, ya riƙa sarƙe na kusa da shi, kowanne ya kama gabansa. Buzu-buzun da kike gani ke nan. Gashi mai nannaɗe kuwa tun asali ya fi miƙaƙƙe saurin bushewa, domin maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya bin lanƙwasa-lanƙwasar nan har ya gangaro baki, kuma kowace lanƙwasa wuri ne mai rauni. Sai ki haɗa da garin da kike. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne da ƙura, Maris da Afrilu kuma zafin Garwa na haura digiri 40, iskar ba ta da laima. Yadda leɓɓanki ke bushewa a wannan lokaci haka gashin ma ke bushewa, sai dai shi ba ya zafi balle ki ji.

Babban mai laifi a ɗakinki shi ne sabulun wanki. An yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi da tukwane, yana da kaifi irin na toka da kanwa, alhali gashi da fatar kai sun fi son abu mai ɗan tsami-tsami. A ma'aunin da masana ke kira pH, fatar kai tana wajen 5.5, sabulun sanda yana kaiwa 9 zuwa 10, man miƙar da gashi kuma 12 zuwa sama. Duk abin da ya hau haka buɗe ɓawon nan yake yi. Ke nan duk ranar wanki kina buɗe su da sabulu, ki bar gashin ya bushe, sannan ki labta masa man shanu da basilin. Mai ba ruwa ba ne, ƙanwata. Aikinsa ya tsare ruwan da ya tarar. In bai tarar da komai ba sai ya kwanta a sama ya yi ta kama ƙurar hunturu, waje na maiƙo, ciki kuma ƙamas. Ban ce ki watsar da mai ba, jerin ne za ki juya: ruwa tukuna, sannan mai, shi ma kaɗan.

Abin da ke cika miki mataji kuma ba lallai zuba ce daga saiwa ba. Kowa na zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, wannan ba ciwo ba ne. Ki ɗauki abin da ya fita ki duba. Wanda ya faɗo daga saiwa dogo ne, da ɗan farin ɗigo a gindinsa, wanda ya karye kuwa guntu ne, babu ɗigon. Ina kyautata zaton naki guntaye ne. Gashi na tsirowa wajen santimita ɗaya a wata, don haka a shekarar da kika daina kin tara kamar santimita 10 zuwa 12 na sabon gashi mai nannaɗe. Sauran tsohon ne da sinadari ya riga ya miƙar, wanda ba zai koma yadda yake ba ko me aka shafa masa. Mahaɗar nan tasu ita ce wuri mafi rauni a kanki, kuma daidai nan mataji ke cijewa ke kuma ki ja.

Ga yadda nake so ranar wankin kai ta kasance, sau ɗaya a mako ko a kwana goma. Tun dare, ko awa ɗaya kafin wanki, ki raba gashin gida huɗu ko shida, ki shafa masa man kwakwa ko man riɗi, ki warware ƙulle-ƙullen da yatsu, ki kitse kowane kashi sako-sako. Man kwakwa yana da wata fa'ida da yawancin mayuka ba su da ita, yana ratsa cikin silin ya rage masa lalacewa in ruwa ya taɓa shi. Ki wanke shi yana kashi-kashi, kada ki tattara shi tsakiyar ka kina cuɗawa. Ki sami shamfu mai sauƙi, in da hali wanda aka rubuta babu salfet (sinadarin kumfa mai busar da gashi) a cikinsa, ki sa a fatar kai kawai, ki murza da tsokar yatsu ba da farce ba. Kumfar da za ta gangara ta ishi sauran gashin. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi. Na san sanyin asubar Janairu na sa mutum ya so ruwa mai tururi, amma shi ma busar da gashi yake yi.

Sai karkashi. Eh, shi dai na miya. Ki jiƙa cikin hannu ɗaya ko biyu na busasshen ganyen a ruwan zafi, ki bar shi minti 15 ko 20 har ya yi yauƙi ya huce, ki tace da ƙyalle mai laushi don kada burbushi ya maƙale miki. Kada ki jefa masa kanwa irin yadda ake yi in za a kaɗa miya, kanwar za ta rushe aikin. Ki kwarara yauƙin a kashi ɗaya har ya jiƙe sharkaf, sannan ki fara warwarewa, da yatsu tukuna, sai mataji mai manyan haƙora. Daga baki za ki fara, ki riƙa hawa a hankali zuwa gindi, ɗaya hannun yana riƙe da gashin don kada jan ya kai fata. Wannan ganye ne ake fitarwa daga Chadi da sunan ambunu, a zuba shi a leda mai kyau a sayar wa matan Amurka da Faransa da tsada, mu kuma muna wuce shi a faifai a bakin kasuwa. In babu karkashi, ruwan dafaffiyar kuɓewa ma yana yi, haka man laushi na kanti da ake sawa bayan shamfu, wato kwandishana. In kina da shi, ki rufe kan da leda ya yi minti 20 kafin ki ɗauraye. Doka ɗaya ce ba na so ki karya: mataji ba ya taɓa gashin nan yana bushe. Ko dai yana jiƙe yana santsi, ko a ƙyale shi.

In da ruwan rijiyar burtsatse kuke amfani, kuma kin lura sabulu ba ya kumfa sosai ko farin abu na kamawa a bokiti, to ruwan yana da gishirin ƙasa da ke taruwa a gashi ya sa shi kaushi. Sau ɗaya ko biyu a wata ki yi ɗaurayar ƙarshe da tatacciyar tsamiya mai ruwa-ruwa, ko cokali biyu na ruwan khal a lita ɗaya ta ruwa. Ki kiyaye ido, kuma ban da lokacin da akwai rauni a fata.

Bayan wanki kada ki goge da tawul. Ki matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi, matsewa kawai. Tun gashin na da sauran danshi, ki murza man kaɗanya daidai ƙwayar gyaɗa a tafin hannu har ya narke, ɗaya ga kowane kashi, ki shafa daga tsakiya zuwa baki. Da yake naki irin mai laushin nan ne na wajen mahaifiya, mai kauri zai iya danne shi. In kin ga haka ki koma man riɗi ko na aduwa, 'yan ɗigo. Sai ki yi masa manyan kalaba takwas ko goma, ki cire hannunki. Cire hannun nan shi ne rabin aikin. Gashi mai nannaɗe yana haɗuwa ne dami-dami tun yana jiƙe, ya bushe a haka, duk taɓawar da kika yi kafin ya bushe raba damin kike yi. In ya bushe sarai, ki ɗiga mai a yatsu ki warware a hankali. Za ki ga nannaɗe mai tsari, har tsohon bakin nan miƙaƙƙe ya bi sahu, domin kalabar ta ba su siffa ɗaya.

Tsakanin wanki da wanki, ƙaramar kwalbar feshi ta ishe ki. Ruwa zalla, ki fesa kaɗan kowace rana ko bayan kwana biyu, ki bi da ɗigon mai a baki. Ruwan karkashi ba ya kwana, kada ki ajiye shi a kwalba. Ɗankwalin atamfa kuma auduga ce, yana shanye man yana gurzar goshi, don haka ki sayi rabin yadin satin ki ba tela ya ɗinka miki hula biyu marasa matsewa, ɗaya ta barci, ɗaya ta ƙarƙashin ɗankwali da hijabi. Ki guji hular da robarta ke zama daidai inda goshin ya ja baya. In damina ta kankama, wajen Agusta, za ki ga wani buzu-buzun daban: iska ta cika da laima, busasshen sili ya zuƙe ta ya kumbura. Maganin dai bai canza ba, sai dai a lokacin ki rage feshi, ki fi zama cikin kitso.

Maganar da kika yi a kaikaice ta kan amarya da ruwa, na gane, kuma ba abin kunya ba ne a tambaya. Mata da yawa suna wahalar da kansu a nan da abin da addini bai ɗora musu ba. Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, ta tambayi Annabi (SAW) ko sai ta warware kitsonta domin wankan janaba, ya ce a'a, ya ishe ta ta zuba ruwa cikin hannu sau uku a kanta, sannan ta game jikinta da ruwa. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim, kuma Risala ma ta ce mace ta cuɗa gashinta amma ba sai ta kwance kitso ba. Abin nema shi ne ruwa ya kai fatar kai. Babu inda aka ce da sabulu. Wankan ibada daban, wankin kai na mako daban, in kina haɗa su kullum to kin gano wani ɓangare na matsalar. Manyan kitso sako-sako sun fi miki sauƙi a nan, ruwa ya shiga da wuri ya fita da wuri. Kitson da aka naɗe da zare mai yawa, ko aka danƙare da mai har ruwa ba ya ratsawa, wannan ki tambayi malamarki hukuncinsa. Bayan wankan ki matse, ki shafa ɗigon mai, ki bar kan a buɗe a ɗakinki ya sha iska kafin ki ɗaura ɗankwali. Jiƙaƙƙen kai a ƙarƙashin hijabi shi ke jawo wari da ƙaiƙayi. In kin kiyaye wannan, yawan jiƙawar ma riba ce gare ki a hunturu. In kuma amosani ya dame ki, ki daina shafa mai a fatar kai, domin ƙara masa ƙarfi yake yi, ki nemi shamfu mai ketokonazol a kantin magani.

Shi kuwa shebe, ba ƙarya ba ne, amma an ɗora masa abin da bai ce zai yi ba. Ƙwayar wata bishiya ce da ke fitowa a duwatsun yankin Gera na Chadi, a soya ta a daka, a haɗa da kanumfari da wasu kayan ƙamshi. Matan da suka shahara da shi ba sakin gashi suke yi ba. Sukan jiƙa shi, su shafa mai, su barbaɗa garin, su kitse, su bar shi kwanaki, sannan su sake, aikin da ke cin awoyi. Amfaninsa shi ne gashin na zama cikin danshi da mai, hannu ba ya taɓa shi, sai karyewa ta ragu, tsawon da ya fito ya zauna. Ba ya sa gashi saurin tsirowa, ba ya tsirar da goshi, kuma ba a sa shi a fatar kai. Yana ɓata matashi, yana da tsakuwa-tsakuwa a hannu, abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nunawa. Haka man karkar, man riɗi ne da kakin zuma da kitse, mai rufe danshi ne, yana da nauyi. In bayan biki kina son gwadawa, mahaifiyarki na Kusiri, gada ɗaya ce tsakaninta da Njamena, ita za ta samo miki na gaske. Ki ma kira ta ko ba don shebe ba. Mace ce da ta shekara da shekaru da irin wannan gashi a iskar da ta fi ta Garwa bushewa, ta san abin da ya karɓe shi.

To, maigida. Tambayar nan tasa tana da ciwo, ban musa ba. Amma mu yi masa adalci. Da wancan hoton ya san ki, kuma a wata takwas ɗin nan me ya gani? Ko kitson da ya ɗaure miki fuska, ko kai a ƙunshe, ko buzu-buzu mai warin man shanu, wanda kin san yadda yake juyawa in rana ta buɗe. Bai taɓa ganin nannaɗen gashinki a gyare ba. Ke kanki ma ba ki gan shi ba tun kina shekara 13. Ina kuma zargin bai san zancen ƙunar ba, ko ya ji shi sama-sama. Ki nemi lokacin da ya ci ya ƙoshi, hankalinsa a kwance, ki nuna masa tabon, ki ce, "Ka ga wannan? Man da ya ba ni gashin hoton can ne ya yi shi. Ka ba ni wata uku ina gyara nawa na asali, in bai yi maka ba sai mu sake magana." Ki tambaye shi kuma me ya fi burge shi a hoton, tsawon ne, ko ganin gashin a sake, ko sheƙin. Sau da yawa namiji ba ya bambance waɗannan, kuma duk ana samunsu ba tare da sinadari ba. Ki bar shi ya sayo shamfun da satin ɗin, wanda ya sa kuɗinsa a abu yakan so ya ga ya yi kyau. In kuwa bayan ya ga tabon ya koma gori ko tilastawa, wannan wata magana ce ta daban, ki sake rubuto mini.

Hajiya uwar mijinki kuma kalmarta ta yi nauyi, bai kamata a gaya wa amarya haka ba. Amma ki lura da abin da ta yi, ba wurin man miƙarwa ta kai ki ba, wurin mai kitso ta kai ki. A ma'aunin zamaninsu matar kirki ita ce mai kai a kintse, kuma wannan za ki iya ba ta shi ba tare da kin rasa goshinki ba. Kada ki ja da ita. Ki je gaishe ta, ki zame ɗankwali kaɗan ki ce, "Hajiya, kitson ya yi kyau, sai dai ki duba yadda ya ci mini goshi. Ku da me kuke wanke kai a da?" Zai yi wuya ba ta ambaci karkashi ko ganyen magarya ba, daga nan gyaran ya zama da shawararta ake yi. In nauyin surukuta ya hana ki, ki bi ta wajen ɗanta ko wata 'yarta da kuke shiri. Ita ma mai kitson ba mugunta take yi ba, an saba yabon kitson da ya ɗame ya daɗe ne. Tun kafin ki zauna za ki faɗa mata: manya kike so, ta bar ƙananan gashin goshi kada ta kama su, kuma in ya yi zafi za ki yi magana ta sassauta. A riƙa canza inda ake tsaga, kada kuma kitso ya wuce mako biyu zuwa uku. In ta ce ita hannunta haka yake, ki nemi wata, ki ce fatar kanki ba ta da lafiya. Gaskiya kika faɗa.

Mako uku wanki uku ne. Na farko na tsifa ne da hutu. A na biyu ki gwada warware kalabar ki ga yadda ta fito, ki bar maigida ya gani a ɗaki, kada ranar biki ta zama ranar gwaji. Na uku ki yi shi saura kwana biyu. Kada ki manta, a wurin biki kanki na cikin ɗaurin anko ne yawancin lokaci, abin da za a gani kaɗan ne, sai dai ki ce wa mai ɗauri kada ta matse goshi. In kina son ya miƙe ya nuna tsawonsa, kitson zare sako-sako na kwana ɗaya ko biyu yana miƙar da gashi ba wuta ba sinadari. In ya zama dole sai salun, a busar da shi da iska mai ɗumi-ɗumi sau ɗaya, ban da ƙarfe mai zafi a kan mahaɗar nan.

Bayan biki, in goshi ya warke, kika ga har yanzu miƙaƙƙen kike so, kanki ne, ba zan ce kin yi laifi ba. Amma ki zaɓa kina sane. A 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000 na kusan shekara 11. An ƙiyasta cewa cikin masu amfani da kayan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara, kusan 4 cikin 100 za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70, alhali cikin waɗanda ba sa amfani da su ba a kai 2 cikin 100 ba. Binciken bai tabbatar da cewa man ne sanadi ba, alaƙa ya nuna, amma fatar da ta ƙone ta fi saurin shigar da abin da aka ɗora mata, ke kuma taki ta taɓa ƙonewa. In za a sa, to a hannun wadda ta iya, a kare fata da basilin, kada a sa ranar tsifa ko bayan susa, a wanke tun kafin ya fara zafi, domin zafi ba alamar ya kama ba ne, alamar ƙuna ce. Tsakanin sawa da sawa a bar aƙalla mako takwas, kuma sabon tsiro kawai ake taɓawa. Miƙarwar nan da ake ce wa ta Barazil ma kada sunan ya ruɗe ki, da yawa daga kayanta na fitar da sinadarin fomaldehaid in an ɗora ƙarfe mai zafi, kuma shaƙarsa na cutarwa.

In kuma kin zauna a kan naki na asali, wanda shi nake yi miki sha'awa, tsohon bakin nan sai an rabu da shi. Ba sai rana ɗaya ba. Duk wata biyu a rage santimita biyu da almakashi mai kaifi wanda ba a yanka yadi da shi, sabon na tahowa, tsohon na tafiya, tsawon bai canza sosai ba. Ki gaya wa maigida kafin a fara, kada ya ga gashi a ƙasa ya ɗauka wani abu ne ya same ki.